Baba Ndagi da Feloshif

Akwai wani dattijo a Sauka Kahuta, nan cikin Minna, ana ce masa Baba Ndagi. Banufe ne, sana'arsa sayar da busasshen kifi.

Duk wanda ya taɓa ciniki da shi ya san ba a yi masa wayo. Zai ɗaga kifi ya sansana, ya gaya maka ko daga Baro aka kawo shi ko daga Shiroro. In mai kawo kaya ya yi masa sauƙin farashi ba ya murna, sai ya zazzage kwandon har ƙasa ya ga abin da aka ɓoye masa. Ni kaina na sha ja da shi a kan kifi. Bai taɓa cin galabata ba, ni ma ban taɓa cin tasa ba.

'Yarsa ɗaya tak, Sharifa. Uwarta ta rasu tun yarinyar tana sakandare, shi kuma bai sake aure ba.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da gidan wata mata Mabel, wadda unguwa ke kira Maman Eric. Mutuniyar kudancin Kaduna ce, Kirista, tana aikin buga takardu a jami'ar da ke Bosso. Ita ta riƙe Sharifa bayan rasuwar uwarta. Ita ta koya mata girki da abubuwan da uba ba ya iya koya wa 'ya mace. Sharifa Mama take ce mata.

Kowace Alhamis da yamma Maman Eric takan ɗaura zanenta na matan coci, ta leƙo ta katanga ta ce, "Baban Sharifa, na tafi feloshif, a duba min gida." Shi kuma ya ce a dawo lafiya. Shekara da shekaru haka suke, babu wanda ya taɓa jin kansu.

Sharifa ta yi karatun ƙasa da ruwa a jami'a, ta fita da sakamako mai kyau, ta yi bautar ƙasa ta dawo. Wannan a shekarar 2011 ne. Aiki bai samu ba. Tana zaune a gida tana koya wa yaran unguwa lissafi.

Ran nan Maman Eric ta dawo daga aiki da labari. Wata ƙungiya mai aikin ruwan sha tana neman waɗanda suka gama jami'a, za ta kai mutum ɗaya daga jihar nan ƙasar Turawa ya yi digiri na biyu. Makaranta, abinci, masauki, jirgi, duk a kansu. Sharifa ta je kafen intanet ta nema, ta rubuta jarrabawa, ta zo ta ɗaya. Saura kawai ta je Abuja su gan ta ido da ido, ta nuna takardunta na asali.

Da ta gaya wa ubanta, da Hausa ta gaya masa. Ta ce tallafin karatu ne.

Tambayar farko da ya yi mata ita ce me za su karɓa. Ya ce shi bai taɓa ganin wanda ya shimfiɗa kaya a kasuwa don ya raba kyauta ba. Ta ce sharaɗinsu shi ne in ta gama ta dawo ta yi musu aikin rijiyoyin burtsatse a ƙauyukan jihar na shekara biyu. Ya auna maganar, sannan ya ce wannan ciniki ne, tunda sun faɗi farashinsu a fili. Ya sa mata albarka. Ranar har kifi ya aika wa Maman Eric, babba, ba irin na gyara ba.

To, daga nan ne abin ya juya.

Wata safiya yana alwala a bakin katanga, sai ya ji Maman Eric tana waya a tsakar gidanta. Tana gaya wa wata 'yar'uwarta, cikin murna, cewa 'yarta Sharifa ta samu feloshif. Ta ce ta daɗe tana yi mata wannan fata, yanzu Allah ya amsa, sun kusa samun ta.

Baba Ndagi ya tsaya da buta a hannu.

Turanci bai yi ba, amma wannan kalma ya san ta. Ya ji ta kowace Alhamis ta katangar nan. Ya san zanen da ake ɗaurawa a je ta, ya san ginin da ake shiga. Kuma "sun kusa samun ta" da ya ji, bai tsaya ya tambayi kansa ko takardar tallafin ake nufi ko yarinyar ba.

Da Sharifa ta kawo masa koko, sai ya ce ta zauna. Ya tambaye ta, kamar ba komai, sunan wannan tallafi da Turanci.

"Feloshif suke ce masa, Baba."

"Amma ni tallafi kika ce min."

"Ai duk ɗaya ne, Baba."

Ya ce to.  Ta ɗauki kofi ta fita, ba ta san ta bar shi da wuta a ciki ba. Duk ɗaya ne. Watau har an kai ta inda take ganin duk ɗaya ne.

A nan da ya buɗe baki ya ce mata, wane feloshif, irin na Maman Eric? Da ta yi dariya ta warware masa, da labarin ya ƙare. Amma mutumin da kasuwa guda ke tsoron wayonsa ba zai zauna gaban 'yar da ya biya wa makaranta ya nuna akwai abin da bai gane ba. Ya ce a ransa shi zai zazzage kwandon da kansa.

Daga ranar ya fara sa ido.

Ya tambayi sunan malamin da ya tsaya mata a jami'a, aka ce Dokta Andrawus. Ya gyaɗa kai.

Ya ga hoton fasfo da ta ɗauko, mayafinta an ja shi baya har kunnuwa sun fito. Ta ce mai hoton ne ya ce dole a ga kunne. Ya riƙe hoton ya daɗe yana kallo. A ransa ya ce da kunne ake farawa.

Maman Eric ta sayo mata wata doguwar rigar sanyi a gwanjo. Da Sharifa ta shiga wanka ya ɗauki rigar ya laluba aljihunta ɗaya bayan ɗaya, har ya bi ɗinkin da yatsa. Bai samu komai ba sai tsohon tikitin mota na wata ƙasa. Rashin samun bai kwantar masa da hankali ba, sai ma ya ce lallai sun iya ɓoyo.

Ya fara lissafin baya. Duk tuwon da matar nan ta ba yarinyar, duk kitson da ta yi mata, duk ranar da ta kwana a asibiti da ita, yanzu ya koma masa kamar kuɗin kafin alƙalami da aka daɗe ana ajiyewa.

Wata Alhamis ya bar rumfarsa da wuri. Da Maman Eric ta fita da zanenta, ya bi ta daga nesa har cocinsu. Ya tsaya gindin mangwaro a tsallaken titi kamar mai jiran mashin. Ya ji mata suna buga tulu suna waƙa da Hausa. Can aka yi shiru, wata ta fara addu'a da ƙarfi, kuma a cikin sunayen da ta jero ya ji an ce Sharifa, Allah ya buɗe mata hanya.

Ya juya ya koma gida.

Mutum ɗaya ya gaya wa, shi ma ba duka ba. Malam Tsado mai doya, wanda rumfarsu ke jere, sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci. Ɗan Tsado, Ndaceko, ajinsu ɗaya da Sharifa a jami'a.

Baba Ndagi ya ce masa, "Ka san wani abu wai shi feloshif?"

Tsado ya ci gaba da karkaɗe ƙasa daga jikin doya. Ya ce yana dai ji ana faɗi. Ya tambaya ko shi ne wanda Maman Eric ta kawo wa Sharifa, Baba Ndagi ya ce shi ne.

"Ni dai ban ce komai ba," in ji Tsado. "Amma da 'yata ce, da ba ta je ba."

Wannan ya ishe shi. Ya koma gida ya kwashe takardun Sharifa na makaranta, ya zuba a akwatinsa na ƙarfe, ya kulle, ya ɗaura makullin a mazagin wandonsa.

Da ya ce mata ta fasa tafiya, ta zaci wasa yake. Da ta ga ba wasa ba ne ta tambayi dalili. Ya ce ba ya bukatar ba ta dalili. Ta yi ta tunani ita kaɗai. Ko don ita mace ce? Ko tsoron jirgi yake? Ko kaɗaici yake gudu in ta tafi? Ta yi masa alkawarin waya kullum, ta ce za ta nemo wadda za ta riƙa yi masa girki. Duk abin da ta faɗa, kallonta kawai yake, irin kallon da yake yi wa mai kawo kifin da ya cika zaƙin baki.

Maman Eric ta yi sallama ta katanga, bai amsa ba. Ta zagayo ta ƙofa, ya ce a ce ba ya nan, alhali tana jin tarinsa. Sai ta same shi a kasuwa, gaban mutane, ta durƙusa kamar yadda ba ta taɓa yi ba.

Ta ce ya yi wa Allah ya bar yarinyar nan, irin wannan dama ba ta zuwa sau biyu. Ta ce in tsoro yake kada ta lalace a can, akwai mutanensu a ƙasar, za su karɓe ta hannu biyu.

Kun ji, mutanensu. Matar nan tana ƙoƙarin kashe wuta, ba ta san fetur take zubawa ba.

Baba Ndagi ya miƙe tsaye. "Madam, na gode da ɗawainiya. Kina da naki 'ya'yan, ki kai su. Tawa ba ta sayarwa ba ce."

Ta ɗago tana kallonsa. Tunda suke bai taɓa ce mata Madam ba. Ta tashi ta karkaɗe gwiwa ta tafi, masu rumfa na kallo.

Ranar da za a je Abuja Sharifa ta yi wanka da sassafe ta shirya, ko Allah zai sa ya sauko. Ta same shi a zaure zai fita. Ta durƙusa ta ce ko takardun bai ba ta ba, ya bar ta ta je ta roƙe su su ƙara mata lokaci.

Ya ce, "In kika taka ƙofar nan da niyyar wannan abu, ban yafe miki ba."

Ta daɗe a durƙushe. Sannan ta cire takalmanta ta riƙe a hannu ta koma ciki.

Mutanen Abuja sun kira ta a waya ranar, sun sake kira washegari. Ta ce musu ba za ta samu zuwa ba. Suka ce to.

Gidan ya yi tsit. Tana dafa masa abinci, tana gaishe shi, ba ta taɓa ɗaga masa murya ba. Ta samu koyarwa a wata ƙaramar makarantar kuɗi a Limawa. Shi kuwa yana tafiya ƙirji a buɗe, a ganinsa ya ƙwato 'yarsa daga bakin kura ba tare da kowa ya san ya gane ba. Alhamis ta riƙa zuwa tana wucewa, babu mai leƙo katanga.

Bayan wasu watanni, an idar da sallar La'asar a masallacin unguwa, liman ya ce jama'a su ɗan dakata. Ya ce akwai abin farin ciki. Ndaceko ɗan Malam Tsado ya samu feloshif, zai tafi ƙasar Turawa ƙarin karatu a kan ruwa, a taya shi da addu'a.

Liman ne fa. A cikin masallaci, yana fuskantar jama'a, ya faɗi kalmar nan kamar yana cewa shinkafa. Ya ƙara da cewa shi ma ƙaninsa da irin wannan ya yi karatun likita. Aka ɗaga hannu aka shafa.

Baba Ndagi bai san lokacin da aka watse ba. Ya tarar da Tsado a waje yana karɓar barka. Ya ja shi gefe.

"Ba kai ka ce min da 'yarka ce ba za ta je ba?"

"Na faɗa. Ni kuwa ɗa namiji gare ni."

Ya tambaye shi ko wannan shi ne wanda Sharifa ta samu. Tsado ya ce ai mutum ɗaya suke so, ta ɗaya ba ta je ba, suka kira na biyu. Ya ce rabo ne. Ya ƙara da cewa ai Ndagi bai taɓa gaya masa abin da yake tsoro ba, shi ya zaci nisa ne.

Ni ban ce Tsado ya san ɗansa ne na biyu ba a ranar da yake karkaɗe doya. Ban ce bai sani ba. Ban shiga zuciyarsa ba. Abin da na sani shi ne ɗansa ma ya rubuta jarrabawar, kuma a gidansa ana kiran sunan abin safe da yamma, amma da aka tambaye shi sai ya ce yana dai ji ana faɗi.

Baba Ndagi bai koma kasuwa ba. Ya wuce ƙofar gidansa ya tsaya a ta Maman Eric, ya yi sallama. Ta fito da tsintsiya a hannu, ba ta ce ya shigo ba.

Ya ce, "Maman Eric, tambaya na zo yi. Mene ne feloshif?"

Ta dube shi kamar ba ta ji ba. Ya sake faɗi. Sai ta ce wanne, na coci ko na makaranta?

Ya ce ashe biyu ne.

Ta jingina tsintsiyar da bango, ta zauna a dakali. Ta ce na coci zumunta ce, mata su taru su yi addu'a. Na makaranta kuɗin karatu ne da ake ba wanda ya riga ya gama digiri, babu ruwansa da addinin kowa. Turawa ne suka ba su suna ɗaya, ita ba ta taɓa ma lura ba.

Sai kuma ta gane. Ya ga lokacin da ta gane, a fuskarta.

"Baban Sharifa, abin da ka ɗauke ni ke nan?"

Ya ce haka ne, ya gaya mata har bin ta coci da ya yi da addu'ar da ya ji.

Ta ce duk azumin da ya tafi sarin kifi ya bar yarinyar, wa yake tsammani ke buga mata ƙofa ta tashi sahur? Ta ce ranar da uwar Sharifa za ta cika, ita ta ruga ta kira matar liman don a samu mai laƙƙana mata kalmar shahada. Ta ce addu'ar da ya ji, duk wanda ke neman aiki ko haihuwa ko lafiya a unguwar nan suna sa sunansa, shi kansa sun sa nasa lokacin da ƙafarsa ta kumbura.

Ya tambaye ta ko akwai gyara. Ya ce zai je Abuja da kansa, zai roƙe su, in akwai abin da za a biya zai biya.

Ta ce ba kasuwa ba ce. An riga an ba wani, kuma ƙungiyar kowace shekara jiha daban take ɗauka. Kafin su zagayo, shekarun Sharifa sun wuce abin da suke karɓa.

Ya ce ta yafe masa. Ta ce ta yafe, amma ba ita ce wadda aka hana tafiya ba.

Ya shiga gida ya tarar da Sharifa a tabarma tana duba littattafan yaran ajinta. Ya kwance makullin daga mazagi, ya buɗe akwatin, ya ajiye takardunta a gabanta. Sannan ya zauna a ƙasa, abin da bai saba ba, ya gaya mata komai. Wayar da ya ji, hoton, rigar sanyi, gindin mangwaro, bai rage ba.

Ta saurare shi har ya gama. Ba ta yi kuka ba. Ta ce duk watannin nan tana ba kanta haƙuri da cewa son ta ne ya yi masa yawa, ba ya iya rabuwa da ita.

Ya ce ai son ne. Ya ce tsoro ya ji kada a raba ta da addininta, ya zargi matar da ba ta ci zargi ba.

Sharifa ta rufe littafin da ke hannunta.

"Baba, ba Mama ka zarga ba. Ni ka zarga. Kai ka koya min salla, kuma ka yarda zan sayar da ita saboda digiri."

 Ta tattara takardun ta kai ɗakinta, ta fito ta tambaye shi ko a ɗora tuwo.

Darasi: Bincike ba laifi ba ne, ni ma ba na karɓar kaya ban juya shi ba. Amma wanda ya ji kalmar da bai tabbatar da ita ba, ya ajiye girman kai ya tambayi mai ita, ko da ɗan cikinsa ne. Baba Ndagi ya laluba aljihu, ya bi mace har coci, ya saurari mai doya, tambaya guda ce kawai bai yi ba, kuma 'yarsa ce ta biya. Iyaye, in yaranku sun kawo muku maganar tallafin karatu, ku zaunar da su ku tambaya har ku gamsu, in za ku hana ku faɗi dalili. Kuma kada ku auna maƙwabci da inda yake ibada, ku auna shi da abin da ya yi muku. Ku tura wannan ga iyayen da kuka sani, kafin wani ya kulle akwati a kan abin da bai gane ba.